Yadda Ake Shirya Rezo Kafin Babbar Gasar Wasanni Ta Sauka A Damagaram

Garin da zai karɓi babbar gasa yakan fara da abin da ido ke gani: fentin fili, rumfar manyan baƙi, kwalta, fitilun titi. Sadarwa sai a bar ta can baya, saboda ba a yi mata bikin buɗewa. Alhali a gasar da ƙasashe ke halarta, masu kallo daga nesa sun ninka na cikin fili nesa ba kusa ba, kuma duk abin da za su gani ta cikin waya siririya yake bi. Wannan jagora ta ƴan kwamitin shirye-shirye ce, da injiniyoyin kamfanonin salula, da ma'aikatan ofishin magajin gari, da matasanmu masu karatun fasaha a Jami'ar André Salifou waɗanda aikin zai faɗa hannunsu.

Kada wani ya ɗauka maganar ta yi mana nisa. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamban 2005, ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015. A Fabrairun 2019 kuma, a gasar ƴan ƙasa da shekara 20, an buga wasu wasannin a Maraɗi, maƙwabciyarmu. Damagaram ta ga taron Zinder Sabuwa a Disamban 2018, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin kokowa na Langa-Langa ranar babban karo ya san yadda taro yake. Ƙa'ida ɗaya ce za ta yi ta dawowa a kowane mataki: duk abin da gasar ba za ta yiwu ba sai da shi, a tanade shi biyu, kuma biyun kada su bi hanya ɗaya.

Mataki na farko: a rarrabe masu amfani da rezon

Kafin a sayi ko mita ɗaya na waya, a zauna a rubuta su wane ne za su hau layin. Kashi biyar ne. Akwai masu watsa hoto da murya zuwa gidajen talabijin da rediyo. Akwai masu tafiyar da gasar kanta: alƙalai, masu riƙe lokaci, allon sakamako, katin shaida, tikiti, da na'urar sake duba wasa in ƙwallon ƙafa ce. Akwai jami'an tsaro, ƴan kwana-kwana da likitoci. Akwai ƴan jarida. Sai ƴan kallo, waɗanda su ne mafi yawa, kuma su ne ba a iya sarrafa su.

Kashi ukun farko ba sa haɗa layi da na ƙarshe ko kaɗan. In motar asibiti za ta dogara da salular da mutum dubu ashirin ke kokowa a kanta, to a daidai lokacin da aka fi buƙatarta ne kiran ba zai shiga ba. Tsaro da lafiya a ba su rediyon oba-oba mai mitarsa daban. Masu watsa shiri a ba su tasu fiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske. Tafiyar da gasa ta sami nata layi a rufe, wanda ko kalmar sirrin Wi-Fi ɗin ƴan jarida ba ta kai mutum cikinsa.

A wannan zaman ne kuma ake naɗa mutum ɗaya, mai suna da lambar waya, wanda maganar sadarwa ta tsaya a kansa. Kamfanonin salula huɗu ke aiki a ƙasar nan: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. Ga hukumar ARCEP mai kula da su, ga kamfanin wuta NIGELEC, ga gidan rediyo da talabijin na ƙasa. In babu wanda zai tara su a teburi ɗaya kowane wata, kowa zai yi nasa shiri, sai ranar gasa a tarar an haƙa rami huɗu a titi ɗaya, an bar wani titin babu ko ɗaya. A fara wannan aƙalla wata 18 kafin ranar buɗewa. Shekara biyu ta fi.

Mataki na biyu: a zaga gari da ƙafa

Taswirar ofis ba ta isa. A fita da salula mai layin kowane kamfani, a bi wuraren da gasar za ta taɓa: babban fili, filayen atisaye, masaukin ƴan wasa, otal-otal, filin jirgin sama, tashoshin mota, babban asibiti, da ɗakin da ƴan jarida za su zauna. Kada a manta da fadar Sarkin Damagaram a Birni, domin babu baƙon da zai zo garin nan bai je gaisuwa ba, kuma kyamarori za su bi shi. A kowane wuri a auna ƙarfin rezo, saurin saukewa da saurin aikawa, da safe da kuma bayan Magariba lokacin da gari ke kan waya. A rubuta inda turken salula mafi kusa yake, da ko fiba ce ke ciyar da shi ko eriyar faifai.

A duba ƙasa ma. Damagaram a kan dutse take zaune, kuma ɗan kwangilar da ya yi lissafin haƙa bisa yashin Yamai zai tsaya a tsakiyar aiki yana neman ƙari. A haƙa ramukan gwaji a kan hanyar da aka zaɓa kafin a sa hannu a takarda.

Mataki na uku: hanyar fita daga gari

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ko an cika fili da eriya, hoton sai ya fita daga Damagaram ya kai Yamai, wajen kilomita 900, daga can ya kai bakin teku, domin Nijar ba ta da gaɓa, intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa. Fibar da ke bin babbar hanya ta Maraɗi, Ƙonni da Dosso tana ratsa ɗaruruwan garuruwa da wuraren aikin titi. Katafila ɗaya a gefen hanya ta isa ta kashe hoton wasan ƙarshe.

Saboda haka ana son hanya uku. Ta farko fibar yamma zuwa Yamai. Ta biyu fibar da ke fita ta wata fuska dabam. A shirin babbar fibar da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, akwai reshen da ya tashi daga Damagaram ya bi ta Tinkim zuwa iyakar Najeriya, akwai kuma na Arlit da Assamaka zuwa Aljeriya, da na Diffa da N'Guigmi zuwa Chadi. Aikin kwamiti shi ne ya tambaya a rubuce: wane reshe ne ke ɗauke da haske yau, nawa yake iya ɗauka, kuma wa ke karɓarsa a ɗaya gefen iyaka? Ta uku tauraron ɗan'adam: motar watsa shiri mai faifai domin hoton talabijin, da ƴan na'urorin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, domin ofishin gasa da ɗakin ƴan jarida.

Ga tarkon da nake roƙon kowa ya kula da shi. Kwamiti zai sayi layi daga kamfani biyu ya ce ya tanadi biyu. Amma sau da yawa kamfani na biyu haya yake yi a cikin fibar na farko, ko kuma wayoyin biyu suna kwance a rami ɗaya, suna tsallake gada ɗaya. Wannan layi ɗaya ne aka biya sau biyu. A nemi taswirar hanyar kowace waya, mita bayan mita, a ɗora su a kan juna. Duk inda suka haɗu a zana masa jan alƙalami. Haka ma a bakin teku: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin ruwa huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace kusan lokaci ɗaya a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Don haka a tambayi kowane kamfani ta wace wayar teku yake fita, kuma in ta yanke ina zai juya.

A cikin gari a yi zobe: fiba ta tashi daga cibiyar sadarwa ta shiga fili ta ƙofar gabas, wata ta zagayo ta shiga ta yamma, su haɗu a ɗakin na'urori. In an yanke gefe ɗaya, saƙo ya juya ta ɗayan da kansa. A binne ta cikin bututu, zurfin wajen mita ɗaya inda ƙasa ta yarda, a shimfiɗa jan kyallen gargaɗi a samanta, inda dutse ya hana zurfi kuma a zuba kankare. A bar bututu ɗaya fanko domin gobe. Kuɗin haƙa ne mai yawa, bututun ba shi da tsada.

Rami kuma ta ƙofar gidajen mutane yake bi. Kafin a sa diga a je wurin mai unguwa. Maganar ba ta da tsawo: "Ranka ya daɗe, za mu haƙa daga bakin masallaci zuwa kwanar makaranta. Kwana kaɗan ne, za mu sa katako a kowace ƙofa saboda tsofaffi da yara, kuma samarin unguwa za mu ɗauka aikin." Mai unguwar da aka girmama haka shi ne zai aiko yaro da gudu ranar da ya ga wani yana tona wurin. Babu na'urar sa ido da ta kai wannan.

Mataki na huɗu: wuta

Rezo ba ya rayuwa ba tare da kuran ba, kuma mu a nan mun san abin da hakan ke nufi. Yawancin wutar yankinmu daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina da Gazawa, kuma a Agustan 2023 an ga yadda gari ya koma da aka yanke ta. Ko ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ba su tsira ba: a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a New Orleans, ranar 3 ga Fabrairun 2013, wuta ta ɗauke a rabin fili, wasa ya tsaya minti 34 duniya na kallo.

Shawarata ita ce a juya lissafin. A lokacin wasa, gurup, wato injin ba da wuta, shi ne babbar wuta, ta gari ita ce madogara. A sa gurup biyu, kowanne yana iya ɗaukar kayan gaba ɗaya shi kaɗai. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin gurup akwai daƙiƙa goma zuwa talatin, kuma wannan ɗan giɓi ya isa ya kashe na'urori, su ɗauki mintoci kafin su dawo. Batir mai riƙe wuta nan take shi ke cike giɓin, a zaɓi wanda zai riƙe aƙalla minti 30. A tara nauyin duk kayan da za a jona, a ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, domin inji yana rasa ƙarfi a zafi, kuma kullum sai wani ya zo da abin da ba a lissafa ba.

A raba layin na'urorin sadarwa da na fitilun fili, da na kilim mai sanyaya ɗaki, da na masu sayar da ƙanƙara. A tanadi gazuwal na kwana uku a wurin, a kulle, da littafin shiga da fita. Kasancewar matatar mai ta SORAZ tana kusa da mu ba ya nufin tanka za ta iya ratsa taro ranar wasan ƙarshe. Kuma kada a tsaya a fili kaɗai: turakun salula da ke kewaye da shi, da cibiyar da fiba ke tashi, kowanne a duba batirinsa da injinsa. Batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri goma a kan 25, don haka wanda aka sa shekara uku da suka wuce a cikin akwatin ƙarfe a rana, kada a yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. A gwada shi da kaya a kai.

Mataki na biyar: lissafin ƴan kallo

Ba a lissafa taro da matsakaicin yini. Ana lissafa shi da minti ɗaya: lokacin da ƙato ya sha ƙasa, ko ƙwallo ta shiga raga. Kalangu ya ɗauka, fili ya miƙe tsaye, hannuwa dubbai suka ɗaga salula, kowa yana son ɗan'uwansa da ke Agadas ko Kano ko Libiya ya gani yanzu-yanzu. A ranakun yau da kullum mutane saukewa suke yi, kuma haka aka gina rezon salula, hanyar saukewa ta fi faɗi. A wannan mintin kuwa kowa aikawa yake yi.

Mu yi misali da lissafi. A ce fili ya ɗauki mutum 20,000, daga ciki 15,000 na da babbar waya. A ce ɗaya cikin goma ne kawai ke aika bidiyo a lokaci guda, kowanne yana cin megabit 2 a daƙiƙa. Mutum 1,500 sau 2, megabit 3,000 ke nan. Fuska ɗaya ta eriyar 4G mai faɗin megahaz 20, abin da take iya karɓa daga wayoyi bai wuce megabit 50 zuwa 75 ba a takarda, a cikin taro kuma bai kai haka ba. Turke mai fuska uku da ke bayan fili, wanda ke wadatar da unguwa kullum, ko kashi ɗaya cikin goma na wannan buƙata ba zai ɗauka ba. Kamar zaure ne mai ƙofa ɗaya da ɗaurin aure ya watse a cikinsa.

Ƙara wa eriya ƙarfi ba ya magance wannan, ƙara ɓata shi yake yi. Maganin shi ne a yanka fili gunduwa-gunduwa: eriya ƙanana masu yawa, kowacce ta sunkuya tana kallon ɓangare ɗaya na kujeru, da ƙarfi kaɗan don kada ta shiga gonar maƙwabciyarta. A filin da ke da rufi ana rataye su a ƙarƙashinsa. A filin kokowa, inda yawancin wurin zama a buɗe yake, sai a kafa sanduna a bayan kujeru, a kawo turakun wucin gadi da ake ja da mota, a ajiye su a kusurwoyi da wurin ajiye motoci da bakin ƙofofi. Kowane turke a ja masa fiba. Kamfanoni huɗun su yarda su hau sanda ɗaya, kowa da na'urarsa, maimakon kowa ya kafa tasa.

Ko da an yi duk wannan, bidiyon wani zai makale, kuma ba laifi ba ne. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne kira ya ƙi shiga, ko lamba 17 ta ƴan sanda da 18 ta ƴan kwana-kwana su ƙi amsawa, ko mai tura kuɗi ta salula ya tsaya a bakin ƙofa tikitinsa bai fito ba. A roƙi kamfanoni su ba murya da gajeren saƙo fifiko. Na'urar duba tikiti kuma a zaɓi wadda ke aiki ko babu intanet, ta riƙe jerin a cikinta.

Wi-Fi ga dukkan ƴan kallo yana da tsada, kuma ban ga dalilin sa kuɗin gari a ciki ba. A yi shi mai kyau a ɗakin ƴan jarida, rumfar baƙi da ofishin gasa. A zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, saboda haka a dogara da zangon gigahaz 5. Teburin masu ɗaukar hoto da masu sharhi kuwa a ja masa waya, kowace kujera da bakinta. Baƙin ƙasashen waje kuma a buɗe musu teburin sayar da layi da rajista a filin jirgi da masauki, don kada su kwana biyu suna neman inda za su yi.

Mataki na shida: mitocin rediyo

Abubuwan da ke magana ta iska a fili sun fi yadda ake zato: makirfo marar waya, kyamara marar waya, oba-oba na alƙalai da na tsaro, na'urar kunnen mai gabatarwa, jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto. Kowace tawaga da kowane gidan talabijin zai zo da nasa, an saita shi bisa dokar ƙasarsa. In biyu suka haɗu a mita ɗaya, duka biyun sun mutu.

ARCEP ce ke da ikon raba mita. Wata 12 kafin gasa a buɗe takardar neman izini, a rufe ta wata uku kafin buɗewa, a fitar da jadawalin wa ke kan wace mita, a wane wuri. A wasannin Olamfik na Paris a 2024, hukumar mitoci ta Faransa tana gwada na'ura ta manna mata alama kafin a bar ta ta shiga fili. Mu ma za mu iya: teburi ɗaya a ƙofar ma'aikata, na'urar auna mita, da takardar mannawa mai launi. Wadda ba ta da alama ba ta shiga. A ajiye ma'aikaci biyu da eriyar hannu suna yawo lokacin wasa domin farautar mai kutse.

Abu ɗaya da sai an faɗa wa shugabannin tsaro cikin ladabi tun da wuri: na'urar toshe rezo da ke bin ayarin manyan baƙi tana iya kashe makirfo da kyamarori da salular fili gaba ɗaya. A yi yarjejeniya a rubuce kan inda za a kashe ta. Jirgi marar matuƙi kuma sai da izinin hukumar jiragen sama da ta tsaro.

Mataki na bakwai: ɗakin na'urori, zafi da ƙura

Lokacin gasa shi ke faɗin abokin gaba. In Disamba zuwa Fabrairu ne, ƙurar hunturu. In Afrilu ko Mayu ne, zafin da ke haura digiri 40. In damina ce, tsawa da iska, da ruwan sama mai raunana siginar tauraron ɗan'adam, da ruwa mai cika ramukan waya.

Ɗakin ya kasance ba taga, ƙofa biyu a jere don ƙura ta tsaya a tsakani, kilim biyu suna karɓeɓeniya, zafin ciki tsakanin digiri 18 da 27. A ɗaga na'urori daga ƙasa. A kafa sandar kama tsawa, a binne ƙarfen saukar da wuta sosai. A busasshiyar ƙasa mai dutse irin tamu sanda ɗaya ba ta isa, sai an haɗa da yawa an auna.

Wanda bai taɓa ganin ana haɗa fiba ba, ba zai gane dalilin wannan tsanani ba. Gilashin kaurinsa kamar gashin kai ne, kuma ainihin inda haske ke bi a tsakiyarsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Mai haɗi zai fere rigar, ya goge da auduga da alkol, ya yanke bakin da wuƙa ta musamman, ya kwantar da bakin biyu a cikin inji, ya rufe murfi. A ɗan allon sai ka ga sun matso, wuta ta yi ƙyal, sun zama ɗaya. Ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka a bakin kafin a rufe murfi, haɗin ya lalace, kuma ba lallai a gane ba sai ranar da aka ɗora masa kaya. Don haka a hunturu a cikin mota ko tanti a rufe ake wannan aiki, kuma kowane haɗi a auna shi da na'urar haske a ajiye sakamakon. Wayar tagulla ta kwamfuta kuma kada ta wuce mita 100. Abin da ya fi haka, fiba.

Kayan da za a shigo da su a yi odarsu wata tara kafin lokaci. Tun daga 2023 hanyar Kwatano ta yi wuya, kaya da yawa suka koma bi ta Lome, tafiyar ta ƙara tsawo. A zauna da duwan, wato kwastan, a shirya takardar shigowar wucin gadi domin kayan ƴan jaridar waje. A sayi abin canji na kowace na'ura mai muhimmanci a ajiye shi a Damagaram, ba a Yamai ba.

Mataki na takwas: masu kutse

Ranar 9 ga Fabrairun 2018, ana tsakiyar bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, wata muguwar manhaja ta kashe Wi-Fi ɗin fili da shafin gasar, mutane suka kasa buga tikitinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A canza duk kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani, kowane ma'aikaci da tasa, a hana soka kowane irin makullin USB a kwamfutocin gasa, a ajiye kwafin saitin kowace na'ura a wurin da ba ya haɗe da intanet. Jerin ƴan wasa, jadawali da lambobin gaggawa a buga su a takarda.

Mataki na tara: gwaji na gaske

Wata uku kafin gasa a shirya wani taro a filin, kokowar jiha ko wasan ƙwallo, a buɗe ƙofa kyauta don ya cika. Ana cikin wasa, da sanin shugaban kwamiti, a zare fibar gabas a ga ko ta yamma ta ɗauka, a riƙe agogo. A kashe gurup na farko. A yanke hanyar Yamai daga cibiya a ga daƙiƙa nawa hoto zai yi kafin ya koma tauraron ɗan'adam. A sa wani ya kira motar asibiti daga tsakiyar kujeru. Injiniyoyi ba sa son wannan gwaji, domin yana tona abin da aka ɓoye, shi ya sa dole shugaba ya tsaya a kai. Abin da ya faɗi a gyara, a sake gwadawa bayan wata ɗaya. Mako biyu kafin buɗewa a daina taɓa saiti, kuma gwamna ya sa hannu a dokar hana haƙa a kan hanyar fiba har a gama.

Mataki na goma: kwanakin gasa da abin da zai rage

A buɗe ɗakin sa ido guda, dare da rana, kowane kamfani da wakilinsa mai ikon yanke shawara ba sai ya kira Yamai ba. A ajiye ƙungiyar masu haɗa fiba da motarsu a cikin gari, wata a kan hanyar Maraɗi, wata a kan hanyar Magarya. Kowace safiya a hura matatar kilim da ta gurup, a goge faifan sola, a auna gazuwal, a duba abin da rezo ya ɗauka jiya a gyara fuskar eriya in wani ɓangare ya cushe. A tsara canjin ma'aikata yadda kowa zai sami sallah da abinci da barci, domin kuskure mafi yawa daga gajiyayyen hannu yake fitowa.

Maganar bayan gasa kuwa tun ran gini tun ran zane: a cikin kwangilar farko ake rubuta ta. Turakun wucin gadi da motar tauraro za su koma inda suka fito. Zoben fiba, bututun fanko, ɗakin na'urori da gurup za su zauna, kuma takarda ta faɗi wa ya mallake su, wa zai biya gyaransu, da kuɗin hayar da kowane kamfani zai biya in ya hau. Tun wajen zana zoben a karkata shi ya wuce ta ƙofar jami'a, babban asibiti da kasuwar Dole, ko da zai ƙara ƴan ɗaruruwan mita, a bar akwatin reshe a kowanne. A sa sharaɗi cewa ɗan kwangila zai horar da matasan gari haɗa fiba da aunata, ya bar musu inji aƙalla ɗaya. Kafin a biya shi kason ƙarshe, ya miƙa taswirar inda kowace waya take kwance, da sakamakon awon kowane haɗi, da makullan ɗaki, kwafi ɗaya ga ofishin magajin gari, ɗaya ga wanda zai riƙe layin.